Tarihin Masara: Daga Ƙasar Meksiko Zuwa Kasuwar Dakoro

Muna gaida ɗaliban karatun manya na jahar Maradi, musamman na Dakoro da Kornaka da Birnin Lalle da Sakabal.

Yau za mu yi hira a kan masara. Wani zai ce, me ya haɗa mutumin Dakoro da masara? Ai mu mutanen hatsi ne. Gaskiya ne. Amma ku shiga kasuwa a watan Yuni ko Yuli, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Za ku ga buhunan masara jibge a gaban ƴan kasuwa. Gidaje da yawa tuwonta suke ci har sabon hatsi ya nuna. Abin da ya shiga tukunyarka kuwa, ya kamata ka san asalinsa, ka san amfaninsa, ka kuma san inda ya gaza.

Inda masara ta samo asali

Masara baƙuwa ce a Afirka. Gidanta na farko shi ne ƙasar Meksiko. Wannan ƙasa tana can yamma da mu, bayan babbar tekun Atlantika, tana iyaka da Amurka daga kudu.

Kusan shekara 9,000 da suka wuce, babu masara a duniya. Akwai dai wata ciyawar daji a kudancin Meksiko, a kwarin wani kogi mai suna Balsas. Sunan ciyawar tewosinte. Kanta bai wuce tsawon ɗan yatsa ba. Ƙwayoyinta daga 5 ne zuwa 12, kuma kowace tana cikin ɓawo mai tauri.

Manoman wurin ba su da takarda, ba su da injin. Amma suna da ido da haƙuri. Kowace shekara sai su ware kan da ya fi girma da taushi, su ajiye shi iri. Ƴaƴansu suka yi haka, jikoki ma suka yi haka. Sannu a hankali ciyawar daji ta zama masara mai goyo. Wannan aikin kun san shi. Shi ne wanda kuke yi ranar girbi, in kun tsinci zangarniyar da ta fi cika kun ɗaure ta daban don shuka.

Har yau a Meksiko akwai masarar gargajiya kusan iri 60. Akwai fara, akwai rawaya, akwai ja, akwai ma shuɗiya. Manomansu ba sa shuka ta ita kaɗai. Suna haɗa ta da wake da kabewa a gona guda. Wake yana hawa karan masara, yana kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi. Ganyen kabewa yana rufe ƙasa, yana tsare laima. Mu ma haka muke zuba wake a tsakanin hatsi. Manomin Meksiko da manomin Dakoro ba su taɓa haɗuwa ba, amma dabararsu ta zo ɗaya.

Tuwon mutanen Meksiko

Yadda tuwo da fura suke a wurinmu, haka wani abinci mai suna tortiya yake a wurinsu. Tortiya wata irin gurasa ce ta masara, mai faɗi kamar tafin hannu, marar kauri. Ga yadda matansu suka gaji yin ta.

Da yamma sai mace ta zuba ƙwayar masara a tukunya. Ta zuba ruwa, ta sa ƴar farar ƙasa irin wadda ake ƙonawa daga dutse, ko kuma tokar itace. Ta dafa kaɗan, ta sauke, ta bar ta ta kwana a cikin ruwan. Da asuba sai ta wanke ta sarai, ɓawon ya saɓule. Sai ta durƙusa a kan dutsen niƙa, ta niƙa ta da danshinta har ta zama ƙulli. Ta ɗebi curi, ta tafa shi tsakanin hannuwa biyu har ya baje. Sai ta aza shi a kan faffaɗan kaskon yumɓu mai zafi, babu mai ko kaɗan. Kafin minti biyu ya gasu.

Wannan ƙulli da harshen Ispaniya sunansa masa. Sunan ya yi daidai da masar da matanmu suke toyawa a tanda, amma dacen suna ne kawai.

Da tortiya suke cin wake da miyar barkono da tumatir. Ita ce cokalinsu, ita ce kwanonsu. In an naɗe nama ko wake a cikinta, sai su kira ta tako. Suna kuma ƙunshe ƙullin a ɓawon masara su turara, kamar yadda muke yin tubani. Suna dama shi ya zama kunu, su sha da safe. Saboda girman masara a wurinsu, tsofaffin mutanen Maya har cewa suke yi da ƙullinta aka yi mutanen farko. Wannan zancen gargajiyarsu ne, amma ya nuna mana matsayinta a zuciyarsu. A shekara ta 2010 hukumar UNESCO ta sa girkin gargajiya na Meksiko cikin abubuwan gado na duniya.

Yadda ta ƙetare teku

A shekara ta 1492 wani matuƙin jirgin ruwa mai suna Kolombus ya tashi daga Ispaniya, ya isa tsibiran da ke gabas da Meksiko. A can ya tarar da masara. Da ya koma gida a 1493, ya tafi da irinta. A 1521 sojojin Ispaniya suka ci daular Aztek da yaƙi, suka rushe babban birninta. A kan kufansa aka gina birnin Meksiko na yanzu.

Daga nan masara ta bazu cikin duniya. Hanya biyu ta bi ta shigo Afirka. Ta farko ita ce bakin teku. Turawan Fotugal ne suka kawo ta gaɓar Afirka ta Yamma a cikin ƙarni na 16. Akwai baƙin ciki a wannan tarihi, domin masu fataucin bayi sun riƙa loda masara a jiragensu don ciyar da mutanen da suka kama.

Hanya ta biyu ita ce ta arewa da gabas. Masara ta zaga ƙasashen da ke bakin tekun Bahar Rum, ta shiga Masar. Masana da yawa suna ganin daga can ne fatake da alhazai suka biyo da ita ta wajen tafkin Cadi da Barno har ƙasar Hausa. Sunanta ma shaida ne. Ku rubuta Masar a allo, ku ƙara harafin a a ƙarshe. Me kuka karanta? Masara. Ana cewa asalin sunan shi ne dawar Masar.

Ba ita kaɗai ta zo ba. Barkono da tumatir da rogo da dankali da gwanda duk daga waccan nahiya suka fito. Har gyaɗa, wadda ta yi wa Maradi suna da arziki a zamanin da, daga can take. Miyar kakannin kakanninmu ba ta san tumatir ba.

An ɗauko iri, an bar dabara

Yanzu ku kasa kunne da kyau, domin nan ne darasin yake. Turawa sun ɗauko masara, amma ba su ɗauko dabarar farar ƙasa da toka ba. Sun ɗauka ɗanɗano kawai take gyarawa.

Masara tana da yawan amfani a gona, ga ta da araha. Saboda haka talakawan Ispaniya da na arewacin Italiya suka mayar da ita abincin safe da rana da dare. Ba nama, ba nono, ba wake. Sai wata cuta ta ɓullo musu. Fatar wuya da ta bayan hannu, duk inda rana take bugu, sai ta yi duhu, ta yi kaushi, ta tsattsage. Sai zawo ya biyo baya. In abin ya yi nisa, hankali ya gushe, daga nan sai mutuwa. Wani likitan Ispaniya mai suna Kasal shi ya fara bayyana ta a 1735. Mutanen Italiya suka sa mata suna felagra, wato fata mai kaushi.

Cutar ta shiga kudancin Amurka ma. Tsakanin 1906 da 1940 ta kama mutum wajen miliyan 3, ta kashe wajen 100,000. Mutane suna tsammani ɗauka ake yi. Daga 1914 wani likita mai suna Goldbaga ya nuna ba haka ba ne. Ya ƙara wa marayu da majinyata nono da ƙwai da nama da wake, cutar ta gushe. A 1937 aka gano abin da jikinsu ya rasa. Wani bitamin ne mai suna niyasin.

Ga abin mamaki. Wannan bitamin yana nan cikin masara, amma a ɗaure yake, ciki ba ya iya cire shi. Dafa ta da farar ƙasa ko toka shi ne yake kwance shi. Matan Meksiko da maƙwabtansu sun fi shekara 3,000 suna wannan aiki. Ga kuma wake a kwanonsu kullum. Shi ya sa cutar ba ta dame su ba. Lalle da tsohuwar zuma ake magani.

Kada a ce wannan labarin da ne. A 1990 cutar ta kama fiye da mutum 18,000 cikin ƴan gudun hijirar Mozambik da ke zaune a Malawi. Garin masara ake raba musu, gyaɗar da ake haɗa musu da shi kuma ta yanke.

Masara a ƙasar Hausa

Shekaru aru-aru masara ba ta zama babbar cimaka ba a wurinmu. Shukar bayan gida ce da ta fadama, inda taki da laima suke. Amfaninta shi ne tana nuna da wuri. Ana gasa ta ko a dafa, a riƙe ciki da ita kafin girbi.

Abin ya sake a shekarun 1970. A 1966 aka kafa babbar cibiyar binciken masara da alkama a Meksiko. A 1967 aka kafa wata cibiyar binciken noma a Ibadan. Masanan Ibadan da na Samaru, kusa da Zariya, suka fitar da irin farar masara mai yawan amfani. Daga 1975 aka buɗe manyan ayyukan raya noma a Funtuwa da Gusau da Gwambe. Aka yi hanyoyi, aka kawo takin zamani da araha. Manoman kudancin Katsina da Zariya suka rungumi masara. Injin niƙa ya shiga ƙauyuka, ya rage wa mata wahalar daka. Tuwon masara ya kama wuri kusa da tuwon dawa. Yanzu Najeriya tana noma masara fiye da tan miliyan 10 a shekara.

A Nijar, gwamnati ta kafa cibiyar binciken noma ta ƙasa, wato INRAN, a 1975. Tana da babban reshe a Tarna, kusa da Maradi. Amma masarar da ake nomawa a ƙasarmu kaɗan ce. Sai a fadamu, kamar Gulbin Maradi, da bakin kogin Kwara wajen Gaya, da bakin tafkin Cadi. Yawancin wadda muke ci daga ƙasashen waje manyan motoci suke kawo ta.

Dakoro ƙasar hatsi

Me ya hana mu noma ta a Dakoro? Amsa ita ce ruwa da ƙasa. Masara tana son ruwan sama daga milimita 500 zuwa 800, tana son ƙasa mai ƙarfi. Ruwan Dakoro sau da yawa tsakanin milimita 300 ne da 400, ƙasar kuma jigawa ce. In ruwa ya ɗauke lokacin da masara take fitar da gemu, sai goyon ya fito babu ƙwaya. Hatsi kuwa yana jure ƙishi, ya jira ruwa ya dawo.

Hatsi ɗan gida ne. Masu tonon tarihi sun sami alamarsa ta kusan shekara 4,500 a kwarin Tilemsi da ke ƙasar Mali. Yadda mutanen Meksiko suka mayar da ciyawa masara, haka mutanen Sahel suka mayar da ciyawa hatsi. Nijar tana cikin ƙasashe uku da suka fi noma shi a duniya.

Garin Dakoro yana kamar kilomita 120 arewa da Maradi. Turawan Faransa sun kafa bariki a nan a 1947. Manoma suka yi ta tasowa daga kudu suna saran sababbin gonaki. A 1961 gwamnati ta yi dokar da ta shata iyakar noma ta arewa, don a bar wa makiyaya wurin kiwo. A ƙasar Dakoro, Kwarin Tarka ne mutane suka sani da wannan iyaka. Manomi ya ba da hatsi, makiyayi ya ba da nono, aka haɗa fura. Furar hatsi da nono abinci ne mai gina jiki, kakanninmu ba su yi kuskure ba.

Shekarun wahala ne suka saba mana da cimakar waje. Dattawa suna tuna farin 1973 da 1974, lokacin da bisashe suka ƙare, aka raba jar dawar taimako. Suna tuna yunwar 1984, wadda aka sa wa suna El Buhari, domin a shekarar ne Najeriya ta rufe iyakarta. A 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fara kuma ta sauka. A 2005 buhun hatsi ya haura jika 25 a kasuwanni da yawa. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe wurin jinyar yara masu tamowa a Dakoro. A irin waɗannan shekaru, mai gida ba ya tambayar abin da ya fi daɗi. Tiyar da ta fi sauƙin kuɗi yake aunawa, sau da yawa kuwa ita ce ta masara.

Amma abincin da ke zuwa daga nesa, hanyarsa tana iya toshewa. An rufe iyakar Najeriya daga 2019 zuwa ƙarshen 2020. An sake rufe ta daga 2023 zuwa farkon 2024. Kowa ya ga yadda farashi ya tashi. Su ma mutanen Meksiko sun ɗanɗana wannan. Bayan yarjejeniyar ciniki ta 1994, masarar Amurka mai araha ta cika kasuwarsu, ƙananan manoma da yawa suka bar gona. A farkon 2007 masara ta yi tsada a duniya, domin Amurka tana mayar da ita man mota. Kuɗin tortiya ya yi sama. Gwamnati ta kira manyan ƴan kasuwa aka ƙayyade farashi, amma duk da haka dubban mutane suka fito zanga-zanga a babban birni. Ƙasar da ta ba duniya masara, sai ga talakanta yana kukan masara. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Abin da za mu riƙe

Na farko, masara abinci ne mai kyau, tana ba da ƙarfin aiki. Amma kada ta zama ita kaɗai a kwano. Uwar gida, in tuwon masara kika tuƙa, ki sa wake ko gyaɗa ko ƙuli-ƙuli a miya. Ki ƙara zogale ko kuka ko yakuwa. In akwai nono, a ba yara da mata masu ciki da masu shayarwa. Ku sani kuma surfe mai yawa yana tafiya da amfanin ƙwaya cikin dusa, sai akuya ta fi yaro samu.

Na biyu, wanda ya ga fatar wuyansa da ta hannuwansa ta yi duhu da kaushi, ga zawo ba ya tsayawa, ya tafi gidan likita da wuri. Wannan cuta tana warkewa in an ba da bitamin da abinci mai kyau.

Na uku, mai gida ka duba masara kafin ka auna. Ka damƙa, ka shinshina. In ta yi fumfuna, ko tana warin danshi, ka bar ta ko da araha ce. Fumfuna tana haifar da gubar da ke lalata hanta, dahuwa kuma ba ta kashe ta. A ƙasar Kenya a 2004 mutum 125 suka mutu saboda cin irin wannan masara. Wadda ka saya, ka shanya ta ta bushe ƙarau. Ka zuba ta a buhun nan mai leda biyu a ciki, ka ɗaure da kyau, ka aza a kan katako.

Na huɗu, masu shuka ta a bayan gida ko lambu su riƙa duba cikin kunnenta. A 2016 wata tsutsa mai cin masara ta ɓullo a Afirka ta Yamma, ita ma daga nahiyar Amurka ta zo. Wanda ya ga ganye ya huhhuje, ya sanar da malamin gona.

Na biyar, mu riƙe hatsinmu da irinmu. Kada mu sayar da dami duka da kaka, mu dawo muna sayen tiya da tsada da damana. Inda akwai bankin cimaka a gari, a kula da shi, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Wannan yana cikin amfanin karatun da kuke yi.

Ga tambayoyi uku da za ku tattauna da malaminku:

1. Daga wace ƙasa masara ta fito, kuma ta waɗanne hanyoyi ta shigo Afirka?
2. Me ya sa cutar felagra ba ta dami mutanen Meksiko ba?
3. A garinku, wata nawa hatsin gida yake kai ku, kuma me za ku yi don ya ƙara kai ku gaba?

Ku rubuta amsoshinku da hannunku, ku ba malami ya aiko mana. Ku tambayi tsofaffin garinku shekarar da suka fara cin tuwon masara, ku rubuta wannan ma. Za mu karanta wasu daga cikin wasiƙunku a shiri na gaba.

Allah ya kai mu mako mai zuwa lafiya. Mu kwana nan.